WordPress, Joomla ko Drupal: wacce ta dace da shafin makarantarmu?

"Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin wata makarantar Islamiyya da boko a Aboabo, nan Kumasi. Kwamiti ya yanke shawarar a buɗe wa makaranta shafin intanet, inda za mu riƙa sa sanarwa da hotunan walimar saukar karatu da tafsirin da malaminmu yake yi da azumi, kuma tsofaffin ɗalibanmu da ke Jamus da Amurka su samu hanyar aiko da gudummawa. Rubutunmu Hausa ne da Turanci, wani lokaci da Larabci. An ce mana akwai manhajojin kyauta da ake gina shafi da su. Ɗan ƙanena ya ce WordPress. Wani tsohon ɗalibinmu da ya gama jami'ar KNUST ya ce a'a, WordPress kullum kutse ake yi mata, Drupal ce ta ƙwararru. Wani kuma ya ambaci Joomla. Kuɗinmu kaɗan ne, kuma ba ma so mu yi abin da za mu dawo muna da-na-sani. Wacce za mu ɗauka?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Sakatare. Allah ya yi wa makaranta albarka, ya saka wa kwamiti da alheri.

Abin da na fahimta shi ne kuna son shafin da mutanen makaranta da kansu za su riƙa zuba wa rubutu da hoto da sauti, cikin harsuna uku, a kuma karɓi gudummawa ta cikinsa, duk da ɗan abin da ke asusun kwamiti. Matasa biyu sun kawo muku shawara mai karo da juna, kuma kowannensu akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa. Sana'ata ke nan, gina shafuka da kula da su ga makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa a nan Kumasi, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: ku ɗauki WordPress. Sai dai ina roƙon kwamiti ya riƙe dalilin da ya sa na ce haka fiye da yadda zai riƙe sunan manhajar, domin in dalilin ya kuɓuce, ko wacce kuka ɗauka cikin ukun shafin yana iya mutuwa a hannunku.

Abin da manhajar take yi, da iyakar kyautarta

A da, mai son shafin intanet sai ya sa an rubuta masa kowane shafi da hannu cikin HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. In za a gyara kwanan wata ɗaya a sanarwa, sai an nemo wanda ya rubuta. Manhajar sarrafa shafi ta zo ta raba aikin gida biyu. Rubutunku yana zaune a rumbun bayanai, siffar shafin kuma, launinsa da tsarinsa da inda hoto yake zama, tana cikin abin da muke kira tim. Kai da kake sakatare sai ka shiga da kalmar sirrinka, ka rubuta sanarwar hutu kamar yadda kake rubuta saƙo a waya, ka danna, ta fito. Abin da ke ƙarƙashi ba ruwanka da shi.

Ukun da aka ambata muku duk buɗaɗɗun manhajoji ne, a ƙarƙashin lasisin GPL wanda Richard Stallman ya fitar da na farkonsa a 1989. Kowa yana da damar ya sauke manhajar, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba wani. Babban amfanin wannan a gare ku shi ne babu kamfanin da zai wayi gari ya kulle muku rubutunku. In kamfanin da ya ba ku masauki ya gaza, kuna iya kwashe shafin gaba ɗaya ku kai wani wuri. Wanda ya gina nasa a Wix ba shi da wannan damar, haka ma wanda ya dogara da Facebook kaɗai.

Amma kyautar da aka gaya muku a kan manhajar ta tsaya. Sunan shafi, wato domen, haya ake biya duk shekara, kuma na .com yakan kama tsakanin dala 10 zuwa 20. Masaukin shafi, wato hostin, kwamfutar da za ta riƙe shi dare da rana, shi ma kuɗi ne. Yawancin waɗannan farashin da dala aka ɗaure su ko da kamfanin a Akra yake zaune, kuma duk wanda ya sabunta hostin a 2022, lokacin da sidi ta sha ƙasa, ya ji a jikinsa. Sai kuɗi na uku wanda kwamitoci suka fi mantawa da shi: ladan wanda zai riƙa duba shafin bayan an gama murnar buɗewa.

Ku kuma lura, WordPress biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai manhajar da ake saukewa daga WordPress.org a sa a masaukin da mutum ya zaɓa, ita nake nufi. Akwai kuma WordPress.com, wanda kasuwanci ne na kamfanin Automattic mai ba da masauki da nasa farashin da nasa ƙa'idojin. In ɗan ƙanenka ya ce zai buɗe, a tambaye shi wanne.

Ukun, ɗaya bayan ɗaya

Drupal ce babbarsu a shekaru. Dries Buytaert, ɗan ƙasar Beljiyam, ya fitar da ita a 2001. Tsohon ɗalibinku bai yi ƙarya ba da ya ce ta ƙwararru ce. Jami'o'i da ma'aikatun gwamnati suna son ta saboda tana iya tsara bayanai iri-iri masu alaƙa da juna, ta kuma rarraba izini dalla-dalla, wane ya rubuta, wane ya duba, wane ya saki. Da a ce ku jami'a ne mai sassa ashirin da ma'aikatan kwamfuta masu albashi, da ita zan ce ku duba. Amma tun daga Drupal 8, wadda ta fito a 2015, an sake gina ta a kan wani tushen manhaja mai suna Symfony, kuma kula da ita yadda ya kamata ya koma buƙatar wanda ya saba da rubuta umarni a baƙin allo da Composer, manhajar da ake girka ta da sabunta ta da ita. Waɗanda suka gina shafukansu da Drupal 7 sun ga abin da wannan yake nufi. An daina fitar mata da gyaran tsaro ranar 5 ga Janairu, 2025, kuma ƙaura daga ita zuwa sabuwar kusan sake gini ne daga tushe. A Janairun 2025 ɗin ne dai masu ita suka fitar da Drupal CMS don sauƙaƙa wa waɗanda ba ƙwararru ba, abu ne mai kyau, amma hannayen da suka iya ta a garin nan har yanzu kaɗan ne.

Joomla ta ɓalle daga wata manhaja mai suna Mambo a 2005. Tana tsakiya: ta fi WordPress tsarin izini, ta fi Drupal sauƙin shiga, kuma harsuna da yawa a cikin jikinta suke, ba sai an ƙara komai ba. Ina ganin girmanta. Matsalarta a wajenku ita ce masu koyonta suna raguwa. Shafukan Joomla da ake kawo mini yawanci tsofaffi ne, sun maƙale a Joomla 3 wadda aka daina tallafa wa a Agustan 2023, wanda ya gina su kuma ya daɗe da komawa wata sana'a.

WordPress kuwa Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta a 2003. A ƙididdigar W3Techs, masu bin diddigin manhajojin da shafuka suke amfani da su, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da ita aka gina su. Tana da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake jona mata don ƙarin aiki, wajen 60,000 a rumbunta na kyauta. Ba don ta fi sauran kyawun gini na zaɓar muku ita ba. A wasu wurare Drupal ta fi ta tsafta nesa ba kusa ba. Na zaɓe ta ne da irin lissafin da direban tasi yake yi in zai sayi mota. Ba ya tambayar wace mota ce ta fi kyau a duniya. Yana tambayar wacce ce in ta tsaya masa a hanya zai ja ta zuwa Magazin na Suame ya samu kayan gyaranta a shago na farko da bakaniken da ya san cikinta a shago na biyu. A Kumasi, daga Asawase zuwa Ayeduase, in ka nemi matashin da ya iya WordPress za ka samu kafin la'asar. In ka nemi na Drupal sai ka yi cigiya, in ka same shi kuma kuɗinsa daban ne, kuma yana da gaskiya.

Ka yi wa kanka wannan tambayar, Malam: tsohon ɗalibin nan, ina zai kasance nan da shekara biyu? Mai digiri daga KNUST, bautar ƙasa za ta iya kai shi Wa ko Ho, aiki ya kai shi Akra, ko Allah ya buɗa masa ya bi 'yan uwansa Jamus. Fatanmu ke nan gare shi. Amma makaranta tana nan a Aboabo, kuma shafin sai ya ci gaba da aiki ranar da ba ya nan.

Maganar kutse

Nan ne ya kamata mu zauna, domin tsoron da ya jefa muku ba na banza ba ne. Gaskiya ne shafukan WordPress sun fi kowanne shan kutse. Dalili na farko yawa ne. Masu kutse ba zama suke su zaɓi makarantarku ba, manhajoji suke saki suna bin shafuka dubbai suna gwada ƙofa, kuma sun fi rubuta su don manhajar da ta fi yawa. Dalili na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ɓarakar ba kasafai take cikin WordPress kanta ba. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro Patchstack suna nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na raunin da ake ganowa a cikin fulogin yake. Ita uwar manhajar tun 2013 take sabunta ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta.

Bari in nuna maka yadda abin yake a aikace. An taɓa kawo mini shafin wata ƙungiyar matasa. In ka buɗe shi a kwamfuta lafiya lau yake, amma in ka neme shi ta Google a waya sai ya wuce da kai shafin caca. Shugabansu ya zo ransa a ɓace, domin wani dattijo ne ya fara gani ya kira shi. Da na shiga ciki, fulogin sun haura talatin, rabinsu ba a ma amfani da su, wasu an shekara uku ba a sabunta ba. Tim ɗin na kuɗi ne, amma ba saya aka yi ba, a wani zauren Telegram aka samo shi an fasa masa kulle. Irin waɗannan sau da yawa da ƙofar ɓarawo a ɗinke a cikinsu suke zuwa, wanda ya fasa ya raba kyauta ai ba don Allah ya yi ba. Sunan shiga kuma "admin", kalmar sirri sunan ƙungiyar da shekarar da aka kafa ta, abin da yake rubuce a saman shafin kowa yana gani. Babu manhajar da za ta tsira daga wannan riƙon.

Drupal ma ba ta tsira ba. A Oktoban 2014 an gano wata ɓaraka a Drupal 7 mai munin da har masu kula da tsaronta suka sanar cewa duk shafin da ba a gyara ba cikin awa 7 da fitar sanarwa, a ɗauka an riga an shige shi. Ban kawo wannan don in rage mata daraja ba, masu tsaronta suna cikin waɗanda suka fi ƙwazo. Na kawo ne don a ga cewa shafin Drupal da babu mai duba shi ya fi haɗari a kan shafin WordPress da ake dubawa duk mako.

Abin da nake yi wa shafuka irin naku ba shi da yawa. Fulogin kada su wuce abin da za a ƙirga da yatsun hannu biyu, kowanne daga rumbun WordPress.org, kuma kafin a sa shi a duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe. Tim a ɗauki ɗaya daga cikin na kyauta da ke rumbun, mara nauyi. Kowane mai shiga da nasa sunan da tasa kalmar sirrin, kuma malamin da aikinsa rubuta sanarwa ne a ba shi izinin marubuci kawai, kada a ba shi na mai gida. Masu izinin mai gida a sa musu tabbatarwa ta biyu ta waya. Sai a ware rana ɗaya a mako, a shiga a danna sabuntawa, aikin da bai kai shan shayi ba.

Hausa da Larabci a shafi ɗaya

Wannan ɓangaren masu gina shafi da yawa ba sa kula da shi sai an gama aiki. Dukkan manhajojin uku suna ajiye ƙ da ɗ da ɓ da ƴ daidai. Inda ake samun matsala shi ne salon haruffan da tim ya zo da shi. Da yawansu an zana su ne don harsunan Turai, ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai waya ta aro harafin daga wani salo dabam. Sai ka ga "ƙungiyar ɗalibai" an rubuta, ƙ ɗin ta fi sauran kauri, ɗ ɗin ta karkace, a tsohuwar waya ma wani lokaci akwati ne zai fito. Kafin ku amince da kowane tim, a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana, a kanun labari da cikin rubutu, a duba a waya mai araha irin wadda iyayen yara suke riƙewa. Noto Sans tana da su duka kuma kyauta ce. Don Larabci akwai Amiri. In kuna da rubutun ajami, ko kuna son salon da ya yi kusa da wanda yaranmu suka saba gani a allo, ƙungiyar SIL ta fitar da Harmattan da Alkalami don rubutun Afirka ta Yamma, su ma kyauta.

Akwai wani ƙaramin abu kuma. WordPress tana ɗaukar kanun labari ta mayar da shi adireshi. In kanun yana da ƙ, ranar da aka kwafi adireshin aka tura a WhatsApp sai a ga %C6%99 a wurin harafin, adireshin ya yi tsawo ya yi muni, wasu ma su ji tsoron dannawa. Maganinsa sauƙi: a bar lanƙwasa a cikin rubutu, amma a gyara adireshin da hannu a sa k da d da b kafin a saki.

Kan harsuna uku kuwa, ku bambance abu biyu. In nufinku wata sanarwa da Hausa, wata da Turanci, aya ko hadisi da Larabci a tsakiyar rubutu, ba ku buƙatar komai na musamman, sai dai a nuna wa mai rubutu yadda zai juya sakin layin Larabci ya fara daga dama. In kuwa nufinku kowane shafi ya kasance da kwafi uku, mai karatu ya danna ya zaɓi harshe, to a nan Joomla da Drupal sun fi WordPress, domin su a jikinsu abin yake, ita sai an jona mata fulogin irin Polylang. Amma kafin a kai nan, wa zai zauna ya fassara kowace sanarwa sau biyu, duk mako? Shafukan da na gani an fara da wannan burin, bayan 'yan watanni ɓangaren Turanci ne kawai yake motsi, na Hausa ya tsaya a kan barka da zuwa. Na fi so in ga shafi ɗaya wanda Hausa take da rai a cikinsa.

Tafsiri, hotuna da gudummawa

Kada ku zuba sautin tafsiri a masaukin shafin. Karatun awa ɗaya, in an matse shi daidai da muryar mutum, yana kai megabait 29, in ba a matse sosai ba ya ninka. Ku lissafa na wata guda, shekara bayan shekara, ga mutane da yawa suna saukewa lokaci ɗaya bayan tarawi. Ƙaramin hostin ba zai ɗauka ba. A sa karatun a YouTube ko Internet Archive, a jawo shi ya bayyana a shafinku, asalin faifan kuma a ajiye a makaranta. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, a rage shi kafin a ɗora, domin uwar da ta sayi data ta sidi biyar don ta ga hoton ɗanta ranar sauka bai kamata shafi ɗaya ya cinye mata ba. Kuma a nemi yardar iyaye kafin a sa fuskokin yara. Sakamakon jarrabawa da lambobin wayar iyaye kada su hau shafin da kowa yake gani. Gana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, da hukumar da ke kula da ita, kuma makaranta tana cikin masu riƙe bayanan mutane. Abin da dokar ta ɗora muku dalla-dalla, hukumar ko lauya za ku tambaya, wannan ya wuce sana'ata.

Gudummawa kuma, WordPress ta fi sauran sauƙi a ƙasar nan, domin kamfanonin karɓar kuɗi irin Paystack, masu karɓar MoMo, wato kuɗin waya, da kati, suna da fulogin nata a shirye. Za su nemi takardun rajista da asusu, kuma suna cire kasonsu a kowace shigowa. Shawarata ku fara da abin da ya fi sauƙi: shafi ɗaya mai ɗauke da lambar MoMo da asusun banki da sunan makaranta, ba sunan wani ɗan kwamiti ba, komai amanarsa. 'Yan uwanmu na waje sun riga sun saba turo kuɗi kai tsaye zuwa MoMo ta Sendwave ko Taptap Send. Amma ku san cewa daga ranar da lambar kuɗi ta hau shafi, mai kutse ya samu abin nema, canza lamba ɗaya ya ishe shi. Don haka a rubuta a shafin sunan da zai fito wa mai turawa kafin ya tabbatar, a kuma sanar da lambar ta wata hanya dabam, a zauren tsofaffin ɗalibai da taron iyaye.

Wani zai iya ambata muku Ghost, wadda ta fito a 2013. Tana da kyau ga marubuci mai aika wa masu karatu wasiƙa, amma karɓar kuɗinta da kamfanin Stripe aka ɗaure, ba hanyar MoMo ba ce, kuma ƙananan hostin da yawa ba sa ɗaukarta. Hugo, wata manhajar gina shafi, da ire-irenta suna da sauri da wuyar kutse, sai dai malaminku ba zai iya sa sanarwa daga wayarsa cikin sauƙi ba. In wata rana kuka so koyar da darasi ta intanet da jarrabawa, wannan aikin Moodle ne, a gefe za a kafa ta.

Makullai a hannun wa?

Yawancin matattun shafukan da ake kawo mini ba kutse ne ya kashe su ba. Wa'adin domen ne ya ƙare. Yaron da ya yi rajista da imel ɗinsa ya yi, da katin bankinsa, saƙon tunatarwa yana ta zuwa akwatin da ya daina buɗewa, ya canza lamba, ya yi tafiya. Wata rana shafi ya ɗauke. In an yi rashin sa'a wani ya saye sunan, kuma sunan da aka buga a kan takardun makaranta da allon ƙofa ya koma nuna abin da ba ku so. Babu mugunta a ciki sau da yawa, sakaci ne na rana ɗaya a farkon aiki.

Saboda haka, tun kafin a taɓa WordPress, kwamiti ya buɗe imel na makaranta. Da shi za a yi rajistar domen, ko .com ne ko .com.gh, da sunan makaranta a matsayin mai shi. Da shi za a buɗe hostin. Kalmomin sirrin a rubuta su a takarda, a sa a ambulan, ɗaya wajen shugaban kwamiti, ɗaya wajen ma'aji. Ranar sabunta domen da hostin ta shiga kalandar makaranta da kasafin shekara kamar kuɗin wuta da ruwa, in da hali ma a biya domen na shekara uku ko biyar a tashi ɗaya. Wanda zai gina muku, ko ɗan gida ne, a rubuta abin da zai miƙa in ya gama. Na san a zango ana jin nauyin neman takarda daga ɗan uwa, amma in ka ce masa kwamiti ne ya shar'anta wa kowa, ba zai ji an tuhume shi ba.

Sai kwafin ajiya. Kamfanin hostin zai ce yana ajiye muku, kuma da yawansu suna yi, amma kwafin da ke wuri ɗaya da shafin tare suke ɓata. Fulogin irin UpdraftPlus yana tura kwafi zuwa Google Drive na makaranta duk mako da kansa. A gwada dawo da shafin daga kwafin sau ɗaya tun ana lafiya, domin sai an gwada ake sanin ko kwafin yana aiki.

Wajen zaɓen hostin ba zan ambaci kamfani ba, suna canzawa. A nemi mai karɓar sidi ta MoMo, mai amsa waya, mai ba da takardar tsaron Let's Encrypt kyauta, mai sabon PHP, harshen da WordPress take aiki da shi. Ko kwamfutarsu a Gana take ko a Turai bai dame ni sosai ba a lamarinku, tunda masu karatunku suna gida da waje. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, kusan kowa a ƙasar nan ya sha wahalar shiga intanet, kuma irin wannan ba kullum ba ne.

Inda shawarata ta tsaya

WordPress ma tana da nata tabon. A Satumban 2024 rikici ya tashi tsakanin Mullenweg da kamfanin hostin mai suna WP Engine, har aka toshe wa kamfanin hanyar shiga WordPress.org, sai da wata kotu a Amurka ta ba da umarnin buɗewa a Disamba. Wannan ya nuna cewa rumbun da kowa yake ɗibar fulogin yana ƙarƙashin ikon mutum ɗaya fiye da yadda da yawa suka zata. Lasisin yana nan yadda yake, amma hakki ne in faɗa muku.

Kuma duk abin da na faɗa a kan shafin da ka siffanta ne: sanarwa, hotuna, tafsiri, gudummawa. In kwamiti yana da niyyar ajiye rajistar ɗalibai da kuɗin makaranta da sakamako, kowane uba ya shiga ya ga na ɗansa, wannan wani aiki ne dabam, ba zan yarda a cusa shi cikin wannan shafin da tarin fulogin ba. A nan ne ilimin tsohon ɗalibinku zai yi amfani sosai, kuma a nan Drupal za ta iya shigowa, muddin akwai mutum na biyu da ya iya ta da kuɗin da aka ware don kula da ita. Yanzu ma kada ku bar shi ya ji an yar da shawararsa. Ɗan ƙanenka ya gina, shi kuma a ba shi tsaro da kwafin ajiya, tunda shi ne ya fara hango haɗarin.

Kafin ku biya kowa sisi, ku sa a kafa muku shafin gwaji. Ranar taron kwamiti a miƙa wa malamin da zai riƙa sa sanarwa wayarsa ta kullum, ya shiga da kansa, ya rubuta sanarwar komawa makaranta da Hausa mai lanƙwasa, ya sa aya ɗaya da Larabci da hoto ɗaya, ya saki, mai ginin yana zaune ba tare da ya karɓi wayar ba. Duk inda malamin ya tsaya, a rubuta, a gyara wurin ko a koya masa, sannan a sake gwadawa a taro na gaba kafin a buga adireshin a takardun makaranta.